SA'A KO GWANINTA? YADDA A KE AUNA ZURFIN WASA

1. Wasanni iri uku

Kowane gari yana da wasanninsa. Yara suna langa, samari suna kokawa da dambe, manya suna dara a gindin bishiya bayan an taso daga gona. A bakin kasuwa akwai masu ludo, da masu daraf, da masu karta. A bayan kasuwa kuma, inda ba a so a gani, akwai 'yan caca.

In mun duba wasannin da a ke yi a zaune, za mu ga iri uku ne. Na fari, wasan sa'a zalla, kamar jefa kwabo sama, ko zuba wuri, ko wasan nan na yara mai maciji da tsani. A nan mutum ba shi da zaɓi. Abin da ya faɗo shi ke nan. Na biyu, wasan dabara zalla, kamar dara da daraf. A nan ba a jefa kome, ba a ɓoye kome. Duk abin da ke gabanka yana gaban abokin wasanka, wanda ya fi tunani shi ke ci. Na uku, wasan da ya haɗa biyun, kamar ludo da karta. Sa'a ta ba ka abin da ta ba ka, kai kuma ka san yadda za ka yi da shi.

Sau da yawa gardama ta kan tashi a kan wannan. Wani ya ce ludo ta fi dara wuya. Wani ya ce shi gwanin caca ne, ya san sirrinta. To, ba a raba gardamar hatsi sai da mudu. Ba a raba gardamar yadi sai da kamu. Ba a san zurfin rijiya sai an zura igiya an ƙidaya gaba nawa ta ci. Wasa ma yana da ma'auninsa. Shi za mu koya a wannan darasi, domin wanda bai san shi ba ya kan zuba kuɗin guminsa a rijiyar da ba ruwa.

2. Gwajin fari: kana iya faɗuwa da gangan?

Ga gwaji mai sauƙi, wanda ba ya bukatar lissafi. Ka tambayi kanka, "In na so a cinye ni a wasan nan, ina iya sa a cinye ni?"

A dara kana iyawa. Uba ya kan zauna da ɗansa ya yi ta sakin gida da gangan, don yaron ya ci ya ji daɗi. A daraf ma haka ne. Sai ka tura 'ya'yanka inda za a cinye su ɗaya bayan ɗaya.

To, gwada wannan da kwabo. Ka jefa shi sama, ka ce kana so ka faɗi. Kwabo bai san abin da ka ke so ba. Ko kana son ci, ko kana son faɗuwa, rabi da rabi ne. Haka maciji da tsani ya ke. Ko ka yi niyyar zama na ƙarshe, ɗan ludo yana iya kai ka gida kafin kowa.

Abin lura ke nan: wasan da ba ka iya faɗuwa da gangan, ba ka iya cinsa da gangan. Hannun da ba ya iya ɓata abu, ba shi da iko a kan gyaransa. Irin wannan wasa ba shi da gwani, ko da mutum ya shekara 40 yana yinsa.

3. Yadda sa'a ta kan sa rigar gwaninta

Wani zai ce, "Ai na ga mutum ya ci sau 5 a jere da idona. In ba gwani ba ne, mene ne?" Bari mu yi lissafi.

A ce mun tara mutum 32 a dandali. Mun raba su biyu biyu, kowane biyu su jefa kwabo, wanda ya faɗi ya koma gefe. Bayan jifa na fari saura mutum 16. Bayan na biyu saura 8. Bayan na uku saura 4. Bayan na huɗu saura 2. Bayan na biyar saura mutum 1. Wannan mutum ya ci sau 5 a jere, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Jama'a za su yi masa tafi. Wani zai ce hannunsa ne, wani zai ce laya gare shi.

Amma ku lura. Tun kafin a fara mun san lalle mutum ɗaya zai rage. Abin da ba mu sani ba shi ne ko wane ne. In an sake taro gobe, shi ma yana iya fita tun jifan fari, kamar kowa. In mun tara mutum 1,024, sai mu sami wanda ya ci sau 10 a jere, ba don ya fi kowa kome ba.

Saboda haka wasa kaɗan ba ya nuna gwani. In mutum biyu sun yi wasan sa'a sau 4, kai kana iya cin 3 ko duka 4 ba tare da ka san kome ba. Wannan yana faruwa sau 5 cikin 16, watau kusan sau 1 cikin 3. Amma in sun yi sau 20, da wuya ƙwarai sa'a kaɗai ta ba ka 15 ko fiye. Wannan yana faruwa kamar sau 2 ne cikin 100. Sa'a baƙuwa ce, ta kan kwana ɗaya ko biyu ta wuce. Gwaninta 'yar gida ce, kullum ana samunta.

Irin wannan lissafi ya daɗe. A shekarar 1654 waɗansu masana biyu na ƙasar Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, sun yi ta rubuta wa juna wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin wasa in an tashi ba a gama ba. Daga wasiƙun nan ne ilmin lissafin sa'a ya kafu.

4. Matakan gwaninta

Yanzu mun zo ga babban ma'auni. Mu ɗauki darar nan mai gida 30, wadda a ke haƙa wa ramuka a ƙasa, layi 5, kowane layi gida 6. A yawancin wurare kowa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Ana fara dasawa ɗaya ɗaya, sa'an nan a shiga turawa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda.

A ce akwai yaron da ya koyi dokokin wasan jiya. A ce kuma akwai wanzami a unguwa, wanda in sun yi wasa 4 da yaron, ya kan ci 3, yaron ya ci 1. To, mun ce wanzami ya fi yaro da mataki ɗaya.

Sai mu nemi wanda ya ke cin wanzami sau 3 cikin 4. A ce maƙeri ne. Shi yana mataki na gaba. Sai mu nemi mai cin maƙeri sau 3 cikin 4. A ce wani masaƙi ne a ƙauyen da ke kusa. Sai mu nemi mai cin masaƙi haka, a ce wani dattijo ne a birni. Haka za mu yi ta hawa har mu kai ga mutumin da ba a sami mai yi masa 3 cikin 4 ba. Sa'an nan mu juyo mu ƙidaya matakan, tun daga yaro har zuwa gwani na gwanaye. Yawan matakan nan shi ne zurfin wasan. Kowane mataki kamar gaba guda ce a igiyar guga.

Ku lura da yadda tazara ta ke ƙaruwa. Wanda ya fi ka da mataki 1, in ka ci 1 ya ci 3. Wanda ya fi ka da mataki 2, in ka ci 1 ya ci kamar 9. Wanda ya fi ka da mataki 3, in ka ci 1 ya ci kamar 27. Shi ya sa yaro zai wuni yana dara da masaƙi bai ci ko sau ɗaya ba.

To, mu zura igiyar nan a wasan kwabo. Wa ke cin yaro sau 3 cikin 4, kullum, yau da gobe da jibi? Babu. Yaro da dattijo, malami da almajiri, duk rabi da rabi ne. Igiya ba ta shiga ko gaba guda ba. Wannan ba rijiya ba ce, zanen rijiya ne a kan ƙasa.

Akwai kuma wasannin dabara marasa zurfi. Ku tuna da wanda 'yan makaranta su ke yi a kan allo ko takarda, mai gida 9, kowa yana neman ya jera alamarsa uku. Ba sa'a a cikinsa ko kaɗan, amma matakansa ba su wuce 2 ko 3 ba. Yaro mai wayo yana ƙure shi a yini ɗaya, daga nan kowane wasa canjaras ne. Ashe rashin sa'a kaɗai bai isa ya sa wasa ya yi zurfi ba.

5. Lambobin malam Elo

Akwai wani wasa da a ke yi a duniya duka, sunansa ces. Larabawa suna ce da shi shaɗaranji. Asalinsa daga Indiya ne, ya bi ta Farisa ya shiga ƙasashen Larabawa, sa'an nan ya isa Turai. A Barno ma an yi wani irinsa da a ke kira tsatsarandi. Allonsa yana da gida 64, kowa yana da 'ya'ya 16, da sarki da dawaki da sojoji, kowane ɗa da irin tafiyarsa.

Masu ces suna da yawa, ba zai yiwu kowa ya kara da kowa ba. Sai wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo ya tsara dabara. An haife shi a ƙasar Hangare a 1903, ya girma a Amurka, ya yi koyarwa a wata jami'a a birnin Milwaukee. Dabararsa ita ce a ba kowane ɗan wasa lamba. In ka ci, lambarka ta ƙaru, ta abokin wasanka ta ragu. In ka ci wanda ya fi ka, sai a ƙara maka da yawa. In ka ci wanda ka fi, kaɗan za a ƙara maka, gama ba abin mamaki ba ne. Bayan wasanni masu yawa lambar kowa ta kan zauna daidai ƙarfinsa.

Ƙungiyar ces ta Amurka ta fara aiki da wannan tsari a 1960. Ƙungiyar ces ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970. A 2018 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ita ma ta koma jera ƙasashe da irin wannan lissafi.

A tsarin Elo, wanda ya fi ka da maki 200 yana samun kamar 3 cikin 4, in an lissafa canjaras rabi rabi. Kun ga wannan shi ne matakin da mu ka faɗa a baya. Wanda ya fi ka da maki 400 yana samun kamar 10 in ka sami 1. Lamba mafi girma da wani mutum ya taɓa kai wa a jerin FIDE ita ce 2,882. Magnus Carlsen na ƙasar Norwe ya kai ta a 2014. In mun raba 2,800 gida gida, maki 200 a kowane gida, za mu sami 14. Watau tsakanin sabon shiga da zakaran duniya akwai kamar mataki 14.

6. Jerin Robertie

Mutumin da ya shahara da auna wasanni ta wannan hanya shi ne Bill Robertie, ɗan Amurka. Shi gwanin wani wasa ne da a ke kira bakgaman, wanda mutanen Sudan da Masar su ke ce wa ɗawula. Ana yinsa da 'yan ludo biyu, kowa yana korar 'ya'yansa 15 zuwa gida. Robertie ya zama zakaran duniya a wasan nan sau biyu, a 1983 da 1987. A 1992 ya fitar da ƙiyasinsa na matakan wasanni. Ga kaɗan daga ciki:

Go, mataki 40.
Ces, mataki 14.
Bakgaman, mataki 8.
Daraf mai gida 64, mataki 8.
Cacar faifai mai juyawa, babu ko ɗaya.

Go wasan mutanen Sin ne, ya fi shekara 2,000 ana yinsa, ya yaɗu zuwa Japan da Koriya. Dokokinsa kaɗan ne, kamar na dara. Wannan yana da baƙaƙen duwatsu, wancan farare, kowa yana neman ya kewaye fili. Amma ga shi ya fi duka zurfi. Ashe yawan dokoki ba shi ke kawo zurfi ba. Masu Go suna da wata al'ada mai kyau. In gwani zai yi da na ƙasa da shi, sai ya bar shi ya fara dasa duwatsu, daga 2 har zuwa 9, don wasa ya yi daidai. Yawan duwatsun da a ka ba ka shi ke nuna matakan da ke tsakaninku.

Ku lura kuma da bakgaman. Akwai jifa a cikinsa, amma ya sami mataki 8. Wannan ya nuna sa'a da gwaninta suna iya zama gida ɗaya. Lambobin nan ƙiyasi ne na mutum guda, masana suna iya ƙarawa ko ragewa. Amma babu mai gardama a kan wanda ke sama da wanda ke ƙasa.

7. Ma'auni na biyu: faɗin wasa

Rijiya tana da zurfi, tana kuma da faɗi. Faɗin wasa shi ne yawan hanyoyin da a ke iya bi a cikinsa. Wannan lissafin sau ne kawai.

A darar gida 30, mai farawa yana da gida 30 da zai zaɓa. Na biyu yana da 29. To, 30 sau 29 ya zama 870. In kowa ya ƙara ɗa guda, sai mu ce 870 sau 28 sau 27, ya zama 657,720. Kun gani? 'Ya'ya 4 kaɗai a ka dasa, hanyoyi sun wuce rabin miliyan.

A ces, mai farawa yana da tafiya 20, na biyu ma 20, watau 400. A Go akwai layi 19 a tsaye da 19 a kwance, mahaɗarsu 361. To, 361 sau 360 ya zama 129,960 tun daga duwatsu biyu na fari. A 1950 wani masani ɗan Amurka, Claude Shannon, ya ƙiyasta yawan wasannin ces daban daban da za a iya yi. Ya ce lamba ce wadda in za a rubuta ta, sai a sa 1, a bi ta da sifiri 120.

Wasan da faɗinsa bai yi yawa ba, kwamfuta tana iya bin hanyoyinsa har ta ƙure shi. Kun san ɗaya darar, mai gida 12 da ƙwaya 48, wadda Yarabawa su ke kira ayo, mutanen Gana kuma oware. A 2002 waɗansu masana biyu a birnin Amsterdam na ƙasar Holan sun sa kwamfuta ta bi wani irinta da a ke kira awari. Ta duba yanayi fiye da biliyan 889, ta gano in duka biyu ba su yi kuskure ba, canjaras za a tashi. Daraf mai gida 64, wanda ya fi namu mai gida 100 ƙanƙanta, shi ma an ƙure shi. Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun fara aikin a 1989, su ka gama a 2007. Amsa ɗaya ce: canjaras.

Ces da Go kuwa, kwamfuta ta fi mutum iyawa, ko da ya ke ba ta bi hanyoyinsu duka ba. A 1997 na'urar Deep Blue ta ci zakaran ces na duniya, Garry Kasparov. A 2016 AlphaGo ta ci babban gwanin Go, Lee Sedol, wasa 4 cikin 5, a birnin Seoul.

Amma kada faɗi ya ruɗe mu. Maciji da tsani ma yana da hanyoyi masu yawan gaske, sai dai ba kai ke zaɓarsu ba, ɗan ludo ne. Tafki ne mai faɗi wanda ruwansa bai kai idon sawu ba. Faɗi yana zama zurfi ne in mutum ke zaɓi da kansa, kuma zaɓin nan wani ya fi wani kyau.

8. Wasannin tsaka-tsaki

Ludo daga wani wasan Indiya ta fito, mai suna pacisi. An yi mata rajista a Ingila a 1896. Ɗanta yana da fuska 6, saboda haka shida tana fitowa sau 1 cikin 6 in an yi ta jifa. Hura masa iska, ko girgiza gwangwani da ƙarfi, ba ya ƙara kome.

Amma akwai zaɓi a ludo. In kana da 'ya'ya biyu ko uku a waje, kai za ka ce wanne zai tafi. Mai hankali ya san lokacin gudu da lokacin jira. Saboda haka ludo tana da matakai, sai dai kaɗan ne, kuma ba su bayyana da wuri. A wasa ɗaya yaro yana iya cinye dattijo. A wasa 50, wanda ya fi iya zaɓi shi zai kasance gaba. Karta ma haka ta ke. Rabo na sa'a ne, amma riƙe abin da ya riga ya fita a kai, da sanin abin da za a jefa, na gwaninta ne.

Ga ƙa'ida: gwargwadon yawan sa'a a wasa, gwargwadon yawan wasannin da a ke bukata kafin a san gwani. A wasan da ba sa'a kuwa, gwani ya kan daɗe bai faɗi ba. Marion Tinsley, malamin lissafi ɗan Amurka, gwanin daraf mai gida 64, wasa 7 kaɗai a ka ƙidaya ya faɗi daga 1950 har rasuwarsa a 1995.

9. Inda kuɗi ya shiga

Duk wannan lissafi zai zama hira kawai in ba don kuɗi ba. Addini ya hana caca, iyaye sun hana. Lissafi ma ga abin da ya ce.

Mu ɗauki cacar faifai mai juyawa, wadda Robertie bai ba ko mataki ɗaya ba. Irin ta Turai tana da gida 37, daga 0 zuwa 36. In ka sa naira 100 a gida ɗaya ka dace, sai a ba ka 3,500 tare da naira 100 ɗinka, watau 3,600. To, a ce ka sa naira 100 a kowane gida. Ka kashe 3,700. Lalle gida ɗaya zai ci, a ba ka 3,600. Ina naira 100 ta tafi? Tana aljihun mai faifai. Shi ba caca ya ke yi ba. Ya riga ya cire rabonsa tun kafin faifai ya juya.

Cacar ƙwallon ƙafa ta fi wannan ruɗi, domin ƙwallo wasan gwaninta ne. Amma gwanintar ta 'yan wasa ce da ke fili. Mai yankan tikiti a shago ko a waya, shi da mai shago ya ke karawa. A ce ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya. Wani ya sa naira 100 a wannan, wani ya sa 100 a waccan. Mai shago ya karɓi 200, ya biya wanda ya ci 190, ya riƙe 10. Ko wa ya ci, shi bai faɗi ba. In kuwa ka haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, kowanne rabi da rabi, ka zama ɗaya daga cikin mutum 1,024 ɗin nan na dandali. Mutum 1 zai ci, a yi ta labarinsa a gari. Sauran 1,023 su koma gida shiru, ba mai ba da labarinsu.

In wani ya ce maka shi gwanin caca ne, yana sayar da lambobi ko sirri, to ka zura masa igiya. Ka ce ya rubuta abin da ya faɗa sau 20 kafin a yi wasan, da wanda ya ci da wanda ya faɗi, kada ya bar ko ɗaya. Sa'an nan ku haɗa abin da ya shiga da abin da ya fita. Ka kuma tambayi kanka: wanda ya san inda rijiyar zuma ta ke, don me zai sayar maka da guga?

Wasan da ke da matakai yana biyan mai haƙuri. Wanda ya zauna kusa da gwanin dara ya lura, baɗi war haka ya hau mataki ɗaya ko biyu, ba kuma mai iya ƙwace masa abin da ya koya. Wasan da ba shi da matakai, wanda ya shekara 20 a ciki da wanda ya zo yau duk ɗaya su ke, sai dai na farin ya fi asara.

10. Aikin da za ku yi

Ku nemi takarda da fensir. Ku zaɓi mutum biyu, wanda a ke ganin ya fi iya dara da wanda a ke ganin bai kai shi ba. Su yi wasa 20 cikin mako ɗaya ko biyu, su riƙa musanya mai farawa. Ku ja layi biyu, ku sa alama ga wanda ya ci kowane wasa. Sa'an nan su biyun nan su jefa kwabo sau 20, ba da kuɗi ba, ku rubuta wannan ma. Ku gwada takardun biyu. In ɗaya ya ci 15 ko fiye a dara, kun sami mataki. Ku nemi mai yi masa haka shi ma, ku ga mataki nawa ne a garinku.

Tambayoyi

1. Wasannin zaune iri nawa ne? Ku ba da misalin kowanne.
2. Don me wasan da ba a iya faɗuwa da gangan ba shi da gwani?
3. Mutum 64 sun taru suna jefa kwabo biyu biyu. Jifa nawa za a yi kafin a bar mutum 1?
4. Mene ne mataki ɗaya a gwaninta?
5. Mene ne bambancin zurfin wasa da faɗinsa?
6. Mutum ya sa naira 200 a kowane gida na faifai mai gida 37. Nawa ya kashe, nawa a ka ba shi, nawa mai faifai ya riƙe?